Yadda za ka koyar da 'yan JSS su gane darasi, ba kwafar not kawai ba

Ni malamin lissafi da kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a nan Jos, kuma ƙannenmu sabbin malamai nake wa wannan rubutun, masu NCE da 'yan bautar ƙasa da ake miƙa wa alli a ce ga JSS 1 nan, Allah ya ba da sa'a.

Da farko ka nemi manhajar kanta wacce hukumar NERDC ke fitarwa, kar ka tsaya kan tsohon littafin da ka tarar a ofis. Kowane darasi a ciki an rubuta abin da ake so yaro ya iya yi idan an gama, to wannan layin shi za ka riƙe. In ka kasa faɗin sa a jimla ɗaya, wallahi ba ka shirya shiga aji ba tukuna.

Sai minti 40 ɗin nan na kowane darasi. Yawancinmu a allo muke cinye su, mu juya wa yara baya muna ta rubutu suna ta kwafa har a kaɗa ƙararrawa, kuma yaron da bai wuce shekara 12 ba in ka yi minti goma kana magana kai kaɗai hankalinsa ya tafi wajen mai awara. Ni minti biyar nake tambayar darasin jiya, goma bayani, sauran su ne da aiki, not ɗin ya zo a ƙarshe kuma gajere.

Inda na fi so ka tsaya shi ne misali. Ka ɗauko shi daga garin nan. Littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100, ranar nan na shigo da risho da tukunya da ma'aunin zafi, ruwa ya tafasa yana ta ɓararraka amma ma'auni ya tsaya wajen 96. Aji ya kaure, wata yarinya a layin gaba ta ce malam abin nan ya lalace. Na ce a'a ku dai yi tunani. Daga nan muka gangaro kan cewa Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, nauyin iska a nan bai kai na Legas ba shi ya sa ruwa ke tafasa da wuri. Har yau 'yan ajin nan ba su manta ba. Haka lissafin kashi cikin ɗari, ka ce kwandon tumatir a Farin Gada naira 20,000 aka rage kashi 10, kafin ka rufe baki yaron da ke taya babansa a kasuwa ya ba ka amsa, shi ɗin da ake ce wa daƙiƙi. Sai ka sa ya fito ya nuna yadda ya yi.

Maganar yare kuma, ka yi bayani da Hausa in ya kama, amma ka tuna akwai 'yan Birom da Ibo da Yarbawa a ajin, ka tabbata kowa na tare da kai. Kalmar darasin ka rubuta ta da Turanci a allo su maimaita, don jarrabawar BECE da ke jiran su a JSS 3 da Turanci za ta zo.

Kar ka tambayi aji "kun gane?", duk za su ce e. Saura minti uku ka ba su tambaya ɗaya su amsa a 'yar takarda, ka tsaya bakin ƙofa ka karɓa. Da daddare ka raba takardun gida biyu, in waɗanda suka faɗi sun fi yawa gobe ka sake darasin da wani misalin daban, ko da kuwa sikim, wato jadawalin darussan zango, ya ce ka wuce gaba.