Yadda Za A Kare Jariri Daga Cutar Tetanus

Cutar tetanus, wadda ake kira sarƙewar haƙora, tana kama jariri ta cibiya. Ƙwayar da ke haddasa ta tana rayuwa cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, kuma ba a ɗaukarta daga wani mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe jarirai 787,000 a shekarar 1988, adadin da ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018, amma Najeriya tana cikin ƙasashe ƙalilan da ba su kammala kawar da ita ba.

Kariya tana farawa tun jariri yana ciki, kuma a nan ne iyalai da yawa suke sakaci. Da zarar mace ta tabbatar tana da juna biyu, ta fara zuwa awo a asibitin shan magani mafi kusa, ko a Gangare take ko a Unguwar Rogo ko a Bukuru da ke yankin Jos, ta karɓi allurar rigakafin tetanus ta farko. Ta biyu tana zuwa bayan mako 4, kuma ana so a yi ta aƙalla mako 2 kafin haihuwa, domin garkuwar da jikin uwa ya haɗa ta samu isa ga jaririn ta hanyar mahaifa. Ta uku bayan wata 6 ce, sannan ta huɗu da ta biyar da tazarar shekara guda-guda. Wadda ta cika biyar ɗin ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta, saboda haka maigida ya taya ta adana katin rigakafin, ko da sun sauya unguwa.

Haihuwa a asibiti ta fi aminci. Idan naƙuda ta riski mace a gida, ungozoma ta wanke hannu da sabulu, ta yanke cibiya da sabuwar reza, ta ɗaure da zare mai tsabta.

Bayan haka, a shafa kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cibiyar kullum har kwana 7, kuma a kiyaye kada ya taɓa ido. Toka, gishiri, man goge haƙori, kashin shanu da gashin cibiya da tsumma duk a bar su. Kakanni suna yin su ne da kyakkyawar niyya, don haka ya fi kyau a fahimtar da su cikin ladabi tun kafin haihuwa. Askar wanzami wajen cire beli ko tsaga ita ma hanyar shigar cutar ce.

Alamomi sukan bayyana tsakanin kwana 3 da 14 bayan haihuwa, sau da yawa daf da ranar suna. Jaririn da yake shan nono lafiya sai ya kasa kamawa, muƙamuƙinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, yana zabura idan an taɓa shi ko ya ji ƙara. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kuma kada a jira a gama taron suna. A garzaya da shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, inda ake da sashen kula da jarirai.