Yadda nake koyar da asalin ɗan Adam da igiya mai mita 7

Na yi shekaru ina rubuta "shekara miliyan 7", wato tsawon tarihin asalin ɗan Adam, a allo, ɗalibai su kwafa, su zuba min ido. Lambar ba ta shiga. Sai da na koma ga igiya sannan darasin ya kama. Ga yadda ake yi.

A nemi igiyar shanya mai tsawon mita 7, da tef ɗin tela, da ƙyallaye masu launi. Kowace mita shekara miliyan ɗaya ce, kowace santimita shekara 10,000. A fita da aji ƙarƙashin inuwa, yara biyu su riƙe bakin igiyar. Baki ɗaya shi ne yau, kuma daga nan ake aunawa ana komawa baya.

A can ɗaya bakin a ɗaura ƙyallen Toumaï, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Djurab ta ƙasar Chadi a 2001. Ina daɗewa a nan, domin yara kan ɗauka irin wannan abu sai a ƙasar Turawa, alhali ga shi a maƙwabta. Ramin da laka ke bi yana ƙasan ƙoƙon, abin da ya sa wasu masana ke ganin a tsaye yake tafiya, wasu kuma na ja.

A mita 3.6 sai sawayen magabatan ɗan Adam na Laetoli a Tanzaniya, waɗanda suka daskare a tokar dutse mai aman wuta. Nakan sa yaro ya taka jiƙaƙƙen yashi a gefe, mu duba dunduniya da babban yatsa, mu kwatanta da hoton sawayen Laetoli. A mita 3.2 sai Lucy, ƙwarangwal ɗin da aka samu a Hadar ta Habasha a 1974. A mita 1.8 sai ƙasusuwan Dmanisi a ƙasar Jojiya, shaidar cewa wasu sun riga mu fita Afirka tun da daɗewa.

Yanzu a kira aji duka su matso, don komai namu yana cikin tsawon rula ɗaya. A santimita 30 ne Jebel Irhoud ta Maroko take, inda aka samu ƙasusuwan da ake lissafawa cikin mafiya tsufa na jinsinmu. A wajen santimita 6, tsawon ƙaramin yatsa, wasu ƙungiyoyi suka fice daga Afirka, zuriyarsu ta bazu har Asiya da Turai da Ostireliya, daga baya Amurka. A hanya sun haɗu da Neanderthal, wani jinsin mutanen dā da ya ƙare, har suka hayayyafa da su, shi ya sa ake samun kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsu a jikin zuriyar waɗanda suka fice daga Afirka. Sai a ɗaura wa Neanderthal wani zare daban ya rataya, don yara su ga abin reshe-reshe ne. Ƙoƙon kan Iwo Eleru na jihar Ondo yana santimita 1.3. Kwalekwalen Dufuna na Yobe, mai shekara kusan 8,000, bai kai faɗin farce ba. A nan ƙyalle ba ya ɗauruwa, sai da tsinin biro.

Tabbas wani zai ɗaga hannu: "Malam, wai daga biri muka fito?" Kada a yi masa tsawa, tambaya ce ta mai hankali. Nakan ce masa masanan ba su ce cimfanzin yau, wato wani babban biri, ne ya haife mu ba, cewa suka yi mu da shi tushe ɗaya muka haɗa, can wajen bakin igiyar. Ina faɗa musu abin da aka tono da yadda aka auna shekarunsa, kuma ba na taɓa aƙidar kowa. Daga nan sai in miƙa masa tef ɗin, in ce ya nemo mana shekarar da aka haifi kakansa a jikin igiyar.