Yadda ake gane ko fulorayid ya yi yawa a ruwan burtsatse, da abin da ake yi in ya yi

Na daɗe ina ganin unguwa ta haɗa kuɗi ta haƙa burtsatse, ruwa ya fito garau, kowa ya kurɓa ya ce Alhamdulillahi, ba wari ba gishiri, shi ke nan an gama. Wannan kurɓar ba gwaji ba ce. Fulorayid, sinadarin nan da ake sa wa a makilin goge baki, a ruwa ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, shi ya sa rijiya mai zurfi a ƙasar dutse ta fi zama abin tuhuma.

Shi sinadarin a kan kansa ba abokin gaba ba ne. Kaɗan ɗinsa yana ƙarfafa haƙori ya hana shi ruɓewa, har garin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo da gangan a 1945, kuma ma'aunin da hukumomin lafiyarsu suka tsayar a 2015 shi ne miligiram 0.7 a lita. Mu a nan matsalarmu wadda ƙasa ta zuba da kanta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma haka ta ce. Wanda ya san abin da ya faru a Tibiri kusa da Maradi, inda ruwan burtsatse ya karkatar da ƙafafun yara masu yawa a shekarun 1990, ba zai ɗauki wannan lamba da wasa ba.

Fara da bakin yara, kafin ka kashe ko sisi. Tara waɗanda aka haifa a unguwar suka girma da ruwan, 'yan shekara 8 zuwa 12, ka duba haƙoransu na sama da rana tsaka. Fararen ɗigo kamar an goga alli, ko ja-ja kamar na mai cin goro alhali yaron bai taɓa ci ba, ko ƙananan ramuka, in ka gan su a gida uku ko huɗu, alama ce. Mutanen Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe sun san irin wannan haƙori. Amma ka sani alamar takan makara: tabon yana shiga ne lokacin da haƙorin ke ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, kuma ba buroshi ko asuwakin da zai goge shi. Sabuwar rijiya kuwa ba ta da yaran da za su ba da shaida, sai gwaji.

To a gwajin nan ne na taɓa faɗuwa, kuma a nan nake ganin kowa na faɗuwa. Shekarun baya na ɗebi ruwan wata rijiya da muka haƙa wa dangi, na kai ɗakin gwaji, aka ba ni takarda da hatimi an ce ruwa lafiya lau. Na ninke ta na sa a aljihu. Sai bayan lokaci mai tsawo wani da ya san aikin ya karɓa ya bi layin da yatsa, ya ce, "Malam, ina fulorayid ɗin?" Babu shi a jerin. Sun duba ƙwayoyin cuta, sun duba gurɓata da ƙarfe, abin da aka saba ke nan. Ni ban ce ba, su ba su yi ba. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: ka rubuta sunan sinadarin da hannunka a takardar neman gwaji, in sakamako ya dawo kuma kada ka karɓi kalmar "mai kyau", ka nemi lamba.

Ɗibar samfurin ma da ladabinsa. Gorar roba za ka samu, ba kwalba ba, rabin lita ya isa. Kada ka tari ruwan farko. A tuƙa famfon ko a kunna injin ya zuba na minti biyar zuwa goma, don ruwan da ya kwana a bututu ya fice. Ɗauraye gorar sau uku da ruwan rijiyar, cika ta, rufe, ka manna takarda da sunan wurin da kwanan wata. Daga bakin rijiya za ka ɗeba, ba daga randa ko tankin da aka gauraya ba. Kowace rijiya da gorarta, domin biyu a layi ɗaya na iya bambanta ƙwarai. Ka kai hukumar ruwa ta jiha, ko RUWASSA, wato hukumar ruwan sha da tsaftar karkara, ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, amma ka tambaya tukuna ko suna da na'urar auna shi. 'Yan takardun tsomawa da ake sayarwa da araha, ni ban yarda a yanke hukunci da su ba. Kuɗin gwaji na gaske ko kusa da kuɗin haƙa bai kai ba. In da hali a maimaita sau biyu, da rani da damina.

Lamba ta zo. Ƙasa da miligiram 1.0 a lita, sha abinka. Tsakanin 1.0 da 1.5 ƙa'ida ta yarda, sai dai ni ba na sakin jiki da shi ga jarirai, don a zafinmu na bazara mutum yana shan ruwa fiye da na ƙasashen sanyi, abin da ke shiga jiki sai ya ƙaru. Sama da 1.5 haƙoran yara ne za su biya. Daga 3 zuwa 6, in aka yi shekaru ana sha, ya fara taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Ya wuce 10, nakasa ake magana.

Kada ka tafasa ka ce ka magance. Wannan kuskuren iyaye mata da yawa ke yi da kyakkyawar niyya, musamman wajen dama wa jariri madarar gwangwani. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwan ne ke tashi tururi, sinadarin ya zauna, har ya ɗan ƙara kauri. Maganin kulorin da matatar yumɓu ma ba su cire shi.

Mafita mafi sauƙi ita ce raba ruwa. Na burtsatsen a yi wanka da wanki da shi, sinadarin ba ya shiga ta fata; na sha da girki a samo daga rijiyar da aka gwada, ko a tari ruwan sama a tanki mai murfi bayan an bar na farko ya wanke rufin. In bai isa ba a gauraya: ruwa mai 2.4 in ka haɗa shi rabi da rabi da na sama ya dawo wajen 1.2. In ruwan kirkin kaɗan ne, yara 'yan ƙasa da shekara 8 ne a gaba.

Akwai gawayin ƙashi, wanda ake tace ruwa da shi a Kenya da Habasha. Yana aiki, amma yana ƙoshi, dole a riƙa sake gwada ruwan a san lokacin canza shi. Akwai dabarar Nalgonda ta Indiya, alif da farar ƙasa a juya a bari ya kwanta, sai dai adadin ba a ƙiyasta shi da ido, masani ya auna maka. Mai kuɗi da wutar lantarki ya sa injin tacewa na RO, mai matsa ruwa ta wata siririyar matata.

Makilin kuma, ko da yake yana da fulorayid, kada a daina. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, a tsaya a kansa har ya tofar.