Darasi na Tara: Yadda Ake Karanta Zanen Fadar Sarakunan Mugal

Sarakunan Musulmi na daular Mugal a Indiya sukan ajiye masu zane a fada domin su ƙawata littattafan tarihin sarauta da ƙananan zane-zane, kowanne bai wuce shafi guda ko biyu ba. Gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan yana da zane 116 daga tarihin Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Littafin jikansa Shah Jahan kuwa, wanda ya gina Taj Mahal, yana ɗakin karatu na fadar Windsor a Ingila, da zane 44 a cikinsa.

Irin wannan zane karanta shi ake yi, kuma daga sama ake farawa. A zanen fadar Shah Jahan za ka ga sarki zaune a wata baranda sama da kowa, an zana fuskarsa ta gefe, an kewaye kansa da da'irar haske ta zinariya. 'Ya'yansa ne kusa da shi. A ƙasa manyan fadawa suna tsaye cikin ladabi, kowa a inda muƙaminsa ya kai shi, har da shinge tsakanin manya da na ƙasa da su, sannan can gindin shafin a ga dawakai da giwayen da aka kawo gaisuwa. Wanda ya taɓa shiga fada ba sai an gaya masa abin da nisan mutum da sarki yake nufi ba. Idan ka matso sosai, za ka tarar an rubuta sunayen wasu fadawa a jikin tufafinsu da rubutu siriri kamar zare.

Aikin na masu haƙuri ne. Da gashin kurege ake yin burushi, shuɗi kuma daga wani dutse na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, a kwaɓa da ƙaro, wato ƙaron nan da malamanmu suke sa wa tawada. Bayan an shafa launi sai a goge takardar da dutse mai santsi har ta yi sheƙi. Haske yana cinye waɗannan launuka, shi ya sa ake nuna su a ɗaki mai ɗan duhu, na 'yan watanni kawai.

Aiki: Malami zai nuna muku hoton zane guda. Kowa ya nuna sarki, ya ƙirga mutanen da ke cikin shinge, sannan ya rubuta jimla biyu a kan wanda ya fi kowa kusa da sarki.