Idan kurma zai je asibiti

Jama'a, ku rubuta masa 'yar takarda, a maƙala a katinsa: "Ba ya ji, a taɓa shi in layi ya zo kansa."

Da baki ake kiran suna. Sai mutum ya taso tun daga Argungu, ya wuni kan benci a Birnin Kebbi, an kira shi an wuce bai sani ba. Kuɗin mota ya tafi a banza.

A bayan takardar, ku rubuta inda ke masa ciwo da tun yaushe.

Amma fa tambayoyin likita takarda ba ta amsa su. In bai iya karatu ba, a haɗa shi da wanda ya iya maganar hannu, kuma shi zai zaɓa, don wani ciwon sirri ne.