Yadda ake zaɓen ɗanyen kifi a bakin tekun Accra, a kuma ci shi da zafinsa

Daga Nima ko Sabon Zango zuwa Jamestown ba wata tafiya ba ce, amma da yawanmu 'yan zango kifin ƙanƙara muka sani, wanda ya daɗe a daskare, yawancinsa ma daga ƙasashen waje aka shigo da shi. Wanda ya taɓa ɗanɗana kifin da ya fito daga ruwa da safe ya hau wuta da hantsi, ya san ba ɗaya ba ne. Ga yadda ake yi.

Fara da zaɓen rana. Kada ka je ran Talata, domin masuntan Ga ba sa shiga teku a ranar, al'ada ce tun kaka da kakanni. Abin da za ka tarar kwantai ne. Wasu shekarun kuma gwamnati kan rufe kamun kifi a watan Yuli don kifi ya hayayyafa, sai ka tambaya kafin ka ɓata kuɗin mota. Lokacin da kifi ya fi yawa shi ne daga Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ruwan teku ya yi sanyi, ƙaramin kifin nan amane ya cika kwanduna, farashi ya sauko.

Sai wuri. Jamestown ta fi kusa: ka sauka wajen doguwar hasumiyar fitila mai ja da fari, ka gangara bakin ruwa, inda aka buɗe sabuwar tashar masunta a 2024. Mai son kaya da yawa, ko na biki ko na suna, Tema ta fi masa, don can manyan jirage ke sauke tuna. In kyafaffe kake nema, nufi Chorkor, unguwar da aka ƙirƙiro murhun kyafa kifin nan mai hawa-hawa a 1969. Tilapiya kuwa ba ta teku ba ce, daga tafkin Volta ake kawo mafi yawanta, kada ka tsaya jiran ta a bakin kwalekwale.

Fita bayan sallar asuba. Sa takalmin roba da tufar da ba ka jin ta, don ƙarni sai ya bi ka gida. Riƙe canjin sidi a aljihu ko da kana da MoMo, wato kuɗin waya, ka kuma ɗauki bokiti mai murfi.

Da ka isa, ba da masunci za ka yi ciniki ba. Matan nan masu manyan kwanonin silba su ne masu kasuwar, wasunsu ma su suka sayi man injin da kwalekwalen ya fita da shi. Gaishe da Anti tukuna, ka zagaya mutum uku ko huɗu kana jin farashi, sannan ka tsuguna.

A nan aikin yake. Ɗauki kifin da hannunka, kada ka ji ƙyama. Dubi idonsa: na yau ido fes yake, a tashe, yana ƙyalli, na shekaranjiya ya lotsa, ya yi hazo-hazo. Ɗaga murfin kumatunsa da babban yatsa ka leƙa. In cikin ja ne jawur, ga ɗan danshi, madalla. In ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, ajiye. Danna gadon bayansa. Tsoka mai kyau tana dawowa nan take, ba ta barin shatar yatsa. Sannan ka kai shi hanci. Sabon kifi warin ruwan gishiri kawai yake yi. Jatan lande kuwa kansa ake dubawa, in ya fara baƙi ko yana cirewa da kansa, ya kwana. Ƙaguwa kada ka saye ta sai tana motsi. Kuma a zura hannu zuwa ƙasan kwano, don ba kullum na sama ne ke wakiltar na ƙasa ba.

Araha mai yawa ita ma abin tsoro ce. A Afrilun 2021 teku ta turo matattun kifaye bakin ruwan Osu, mutane suka yi ta kwasa, har hukumar abinci da magunguna ta yi gargaɗin kada a ci.

Yi tayi da fara'a, in an daidaita ka nemi gyara. Akwai masu kankare ɓawo da fafe ciki a gefe, ladansu daban, a daidaita kuɗin kafin wuƙa ta taɓa kifi.

Yanzu sai ci. Wasu masu soye da gashi a kusa za su karɓi kifinka su yi maka aikinsa in kun shirya. In ba haka ba, ka zaɓa daga nasu, ka nuna da yatsa wanda kake so, ka ji kuɗinsa kafin ya shiga mai. A ganina babban kifi irin su barakuda da jan kifi gashi ya fi dacewa da su, a tsattsaga jiki a cusa citta da tafarnuwa da barkono. Ƙanana kuwa suya, har ƙayar ta yi ƙarau-ƙarau a tauna gaba ɗaya. Abokin tafiyarsu dokunu mai zafi, wanda ake naɗewa a ganyen masara, ko banku, da shito, wato soyayyen baƙin yaji, da ɗanyen barkonon da aka niƙa da albasa da tumatir a kasko. Wanke hannu, ka ɓare ganyen masarar, ka fara da naman kumatu, wanda yawancin mutane ke bari a kai su tashi.

Abu ɗaya da ya shafe mu: a Malikiyya naman teku halal ne, da kifi da jatan lande da ƙaguwa. Matsalar tana wajen kasko. A wurare irin kasuwar dare ta Osu ana sayar da alade a kusa da kifi, saboda haka ka tambaya kai tsaye: "Anti, me kuma ake soyawa a man nan?" Ba za ta ji haushi ba, ta saba da 'yan zango.

Na gida kuwa, sayi ƙanƙara a nan bakin kasuwar, ka zuba a ƙasan bokiti da samansa, ka rufe. Kada ka biya ta kasuwar Makola sayen atamfa da kifi a hannu. Da ka isa a wanke shi da lemun tsami, wanda za a ci yau a sa gishiri, sauran a raba daidai girki ɗaya ɗaya kafin a sa a firiza.