Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Ruwa Na Katako Da Lulluɓe Jikinsa Da Falanki

Idan ka buɗe kwalin haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako, babu abin da ya yi kama da jirgi a ciki. Fallayen katako ne da aka yanka da leza, da damin siraran falankai, da zare, da ƙananan ƙusoshin tagulla, sai manyan takardun zane. Yawancin waɗanda suka fara wannan aiki suka bari, a wuri ɗaya suke tsayawa, wato wajen lulluɓe jikin jirgin da falanki. Dalilin kuwa shi ne falankin miƙaƙƙe ne, jikin jirgi kuma a lanƙwashe yake ta kowace fuska. Wanda ya yi ƙoƙarin danne falanki da ƙarfin yatsa da yawan gam zai sha wahala. Wanda ya gyara ƙwarangwal ɗin sosai, ya auna, ya yanka kowane falanki daidai mazauninsa, zai ga yana kwanciya da kansa.

Zaɓen jirgi da kayan aiki

Kowa idonsa na kan HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila da aka sa a ruwa a 1765, wanda Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, kuma har yau yana nan a Portsmouth. Kada ka fara da shi. Igwa sama da ɗari gare shi, igiyoyinsa ba sa ƙirguwa, goshinsa kuma dunƙulalle ne, wanda shi ne mafi wuyar lulluɓewa. Fara da ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya, wato doguwar sandar da ake ɗaura ƙyallen kama iska a jikinta, irin Lady Nelson na kamfanin Amati na Italiya, ko mai siririn jiki irin Bluenose, jirgin kamun kifin Kanada na 1921. OcCre da Artesanía Latina na Sifen, da Billing Boats na Denmak, da Model Shipways na Amurka duk suna da na masu koyo. Lambar da ke jikin kwali, misali 1:64, tana nufin santimita ɗaya a hannunka daidai take da santimita 64 a jirgin gaske.

In da hali, zaɓi mai rufi biyu. Rufin farko na katako ne mai laushi, galibi linden, kaurinsa wajen milimita 1.5, shi ne ke ba jirgin siffa, kuma yana ɓoye kuskure. Na biyu siriri ne, rabin milimita zuwa milimita ɗaya, na walnut ko mahogani ko sapele, shi ido ke gani. Ka ga ke nan ka samu damar koyo sau ɗaya kafin a zo wanda za a kalla.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa mai kaifi da ake sauya mata reza, rular ƙarfe, ƙaramar sukwaya, fensir mai tsini, samfefa daga mai lamba 80 zuwa 320, ɗan abin huda na hannu, maƙalan shanya da robar ɗauri, farin gam na kafintoci wato PVA, da ƙaramar kwalbar Super Glue.

Kafa ƙwarangwal

Kafin ka ciro ko guda ɗaya daga falle, rubuta wa kowane yanki lambarsa da fensir bisa zanen. Haƙarƙari, wato fallayen da ke tsayawa a gicciye su ba jirgin siffa, na tsakiya suna kama da juna ƙwarai, in suka cakuɗe sai Allah. Yanke ƴan wuraren da suka riƙe yankin da wuƙa, kada ka ɓalle da hannu. Goge baƙin ƙunar da leza ta bari a gefe, domin gam ba ya kama ta da kyau.

Ɗora ƙashin bayan jirgin, wato dogon fallen tsakiya da haƙarƙari ke hawa kansa, a kan gilashi ka duba ko ya kantare. In ya kantare, jiƙa shi kaɗan, danne shi da abu mai nauyi har ya bushe. Sannan ka kafa shi a tsaye a kan wani allo, tsakanin sanduna biyu miƙaƙƙu da aka kafe, don kada ya motsa.

Akwai aikin da littattafan cikin kwali da yawa ba sa faɗa, kuma yanzu ne lokacinsa. Sassaƙa ɗan tsagi a gefen ƙashin bayan, daga goshi har baya, inda bakin falankai zai shiga ya zauna. Ta baya kuma, wajen da matuƙi, wato allon da ke juya jirgi, zai kasance, kankare ƙashin ya sirance ta kowane gefe. In ba haka ba, idan rufi biyu suka hau, wurin zai fi matuƙin kauri.

Jera haƙarƙarin duka ba gam, ka ga kowanne ya shiga tsaginsa, samansa ya yi daidai da saman ƙashin baya. Wanda ya matse a goge, wanda ya yi sako-sako a cika da ɗan siririn katako. Daga nan ka manna su ɗaya bayan ɗaya, kana dafa sukwaya a jikin kowanne har gam ya kama. Sai daɓen ƙasa, wato fallen da ke shimfiɗe a saman haƙarƙarin, ya hau, shi ke ɗaure su wuri ɗaya.

Gugar haƙarƙari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Leza tana yanka gefen haƙarƙari a miƙe. A tsakiyar jirgi wannan ba matsala, amma ta goshi da baya jikin jirgin yana tsukewa, saboda haka falanki zai taɓa kusurwa ɗaya ce kawai ta haƙarƙarin, sauran ya rage a iska. Gam ba zai samu wurin kamawa ba, kuma jikin zai fito da ƙusumbi a kan kowane haƙarƙari.

Manna samfefa mai lamba 80 ko 120 a kan sanda mai tsawon da zai hau haƙarƙari uku a lokaci guda, ka riƙa gugawa daga tsakiya zuwa goshi, sannan daga tsakiya zuwa baya. Na gaba ana cin bakinsu na gaba, na baya ana cin bakinsu na baya. Bar ɗan siririn layin baƙin leza a ɗaya bakin, shi ne shaidarka cewa ba ka ci asalin siffar ba. Bayan kowace ƴar guga, ɗauki falanki ɗaya ka kwantar a jikin ƙwarangwal ɗin, sama da tsakiya da ƙasa, ka leƙa ta gefe da haske a bayansa. Ya kamata ya kwanta a kan faɗin kowane haƙarƙari gaba ɗaya. Inda ka ga haske tsakaninsu, haƙarƙarin ya gaza, manna masa siririn katako ka sake gogewa. Inda falankin ya yi tsalle, akwai sauran guga.

Tsakanin haƙarƙarin farko da goshi, da tsakanin na ƙarshe da baya, cika da guntun balsa, wani katako marar nauyi mai laushi, ka goge ya bi siffar. A waɗannan wurare ne lanƙwasa ta fi tsanani, falanki na bukatar abin jingina. A ganina, duk kwanakin da wannan mataki ya ci bai yi yawa ba.

Awo kafin yanka

Falankin farko yana bin layin da zane ya nuna, galibi daidai daɓe ko a kan ɗamarar jirgi, wato kakkauran falankin da ke zagaye shi. Sa shi a gefen dama da na hagu, ka kalli jirgin ta goshi ka tabbatar tsayinsu ɗaya. Na biyu shi ne na can ƙasa, wanda ke shiga tsagin ƙashin baya. Kada ka bar bakinsa ya hau goshi sosai, domin zai cinye wurin da sauran za su bi.

Yanzu sai lissafi. Yanki siririyar takarda, kwantar da ita a gefen haƙarƙarin da ya fi girma, ka auna daga falankin sama zuwa na ƙasa. A ce ka samu milimita 80, falankinka kuma faɗinsa milimita 5 ne, falanki 16 ke nan. Je ka haƙarƙarin kusa da goshi, wataƙila ka samu 56. Falankan nan 16 dole su wuce ta nan ma, don haka kowanne zai zama milimita 3.5 a wannan wuri. Haka za ka yi wa kowane haƙarƙari, ka ɗiga alamomin a jikinsa da fensir. Tamkar tela ne da ke auna ƙirji da ƙugu kafin ya sa almakashi. Ya fi sauƙi ka raba gefen zuwa ɗamara uku ko huɗu, kowace da falanki huɗu ko biyar, ta yadda in ka kauce a ɗaya, za ka gyara kafin ka shiga ta gaba.

Ƙa'idar da maƙeran jiragen gaske suka bi ita ce: falanki ba ya ƙarewa da tsini, kuma ba a rage shi ƙasa da rabin faɗinsa, domin siririn baki ba ya riƙe ƙusa. In lissafi ya nuna za ka gangara ƙasa da rabi a goshi, sai a tsayar da falanki ɗaya kafin ya kai, maƙwabcinsa ya faɗaɗa ya cike gurbin biyun. Ta baya akasin haka ake samu. In awon ya ba ka 90, falanki 16 sun rufe 80 ne kawai, sauran 10 ɗin kuma sai a cusa gajerun falankai biyu a tsakani.

Rage faɗin ta gefe ɗaya kawai, gefen sama, da rular ƙarfe da wuƙa, a ja a hankali sau da yawa. In ka danna da ƙarfi wuƙar za ta bi jijiyar katakon ta kauce. Sannan ka ɗan goge bakin ciki na wannan gefe a karkace, don idan ya haɗu da na samansa a kan lanƙwasa kada tsaga ta buɗe ta waje.

Lanƙwasawa da mannawa

Zafi ne ke lanƙwasa katako, ruwa yana taimaka wa zafin ya ratsa ne. Jiƙa falankin a ruwan ɗumi na kamar minti goma zuwa ashirin, sannan ka bi shi da dutsen guga ko ƙarfen lanƙwasa falanki a kan wani abu mai zagaye, kana matsawa kaɗan-kaɗan. Walnut ya fi linden saurin karyewa, a bi shi sannu. Maƙale falankin a mazauninsa ba gam, ka bar shi ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen katako a kumbure yake, in ka manna shi haka, gobe za ka tarar ya tsuke ya bar giɓi.

Wajen goshi za ka ga falanki yana son ɗaga bakinsa na ƙasa ya hau kan ɗan'uwansa. Wannan alama ce cewa yana bukatar lanƙwasa ta gefe ma. Kwantar da shi a kan allo, kafe shi da maƙalai a siffar baka, hura masa zafi da na'urar busar da gashi, ka bari ya huce a haka.

Gwajin ƙarshe kafin gam: riƙe falankin da yatsa biyu. In ya kwanta daga goshi har baya ba tare da ka danne shi ba, ya yi. Shafa farin gam a kan haƙarƙari da kuma gefen falankin da ke sama, ka riƙe da maƙalai ko ƙusoshi. Huda ramin ƙusa tukuna don kada katakon ya tsage, kuma kada ka buga ta har ƙarshe, domin za ka cire ta kafin guga. Goge gam ɗin da ya ɓullo da danshin tsumma nan take. Super Glue a bar shi don bakin goshi inda maƙali ba ya kamawa, a kuma buɗe taga, tururinsa na damun ido da hanci.

Kullum falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In ka gama gefe guda kafin ɗayan, jan katakon zai murɗe ƙashin baya, kuma wannan ba ya gyaruwa. Falankin da ya zauna ba daidai ba kuwa a cire shi: giyar goge ciwo tana sassauta farin gam, asiton kuma, wato ruwan goge jan farce, yana narkar da Super Glue.

Rufi na biyu

Cire ƙusoshi, cike lotsawa da abin cike katako, ka goge da lamba 120 sannan 180, da takunkumi a hanci. Rufe ido ka shafa da tafin hannu, yatsa na jin tudun da ido bai gani ba. Duk abin da ka bari a nan zai fito a saman siririn rufin.

Sake awon nan daga farko, domin yanzu ne ya fi muhimmanci. Ware falankai bisa launi, kada duhu ya taru a gefe ɗaya. Kuma a jirgin gaske babu falankin da ya kai daga goshi zuwa baya, tsawonsu bai cika wuce mita takwas ko tara ba, wato wajen santimita 12 zuwa 14 a ma'aunin 1:64. Yanka naka haka, ka sassaɓa mahaɗansu, ta yadda sai an tsallake layi uku kafin wata mahaɗa ta sake faɗowa a wuri ɗaya. Idan ka zo daɓen sama, shafa fensir mai laushi a gefen kowane falanki kafin mannawa, zai ba da siririn baƙin layi irin na kwaltar da ake toshe tsagar daɓe da ita.

Guga ta ƙarshe da lamba 240 zuwa 320 ce, a bi jijiyar katako, hannu sakwa-sakwa, don rabin milimita ba ya jure dannawa. In jirginka na yaƙin Ingila ne na ƙarshen ƙarni na 18, ƙasansa fallayen jan ƙarfe zai samu, dabarar da rundunar ruwansu ta fara gwadawa a jirgin HMS Alarm a 1761 don kare katako daga tsutsar teku. In ba shi ba, share ƙura, shafa banish marar ƙyalli siriri, sau biyu, da ƴar guga a tsakani. Ka tsallake wuraren da za a manna wasu kaya daga baya, domin farin gam ba ya kama banish. Bar jirgin a kan mazauninsa ya bushe kwana ɗaya ko biyu kafin ka huda ramukan jigo.